Yadda za ku auna iskar radon a ɗakunanku, musamman ku na zangon ƙauye

Radon wata iska ce da ke tasowa daga ƙasa, daga ƙarƙashin daɓen ɗakin da kake kwana. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari ko ciwon kai a take, in ta cika ɗaki ba abin da za ka ji a jikinka. Asalinta yuraniyom ne da ke cikin duwatsu da ƙasa ko'ina a duniya, wani wuri kaɗan wani wuri da yawa, yana rugujewa a hankali ya koma radiyom, radiyom ya haifar da radon, ita kuma da yake iska ce sai ta bi ta ƙofofin ƙasa ta hauro. A fili ba matsala, tana fitowa iska ta kwashe ta. Matsalar ita ce in ta shiga ɗaki a rufe ta rasa hanyar fita.

In ka shaƙe ta, burbushin da take rugujewa ta koma suna maƙalewa a hanyoyin huhu suna ta harbin naman wurin da ƙananan tartsatsi, shekara da shekaru, har wata rana abin ya zama kansar huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tsakanin kashi 3 zuwa 14 cikin 100 na kansar huhu a ƙasa radon ne sanadi, ya danganta da ƙasar da yawan masu shan taba a cikinta, kuma bayan sigari ita ce ta biyu. A Amurka kaɗai hukumar muhallinsu ta ƙiyasta mutum 21,000 duk shekara. Tun 1988 aka sa ta a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa ga ɗan Adam, ba zato ba ne.

Amma kafin hankalin kowa ya tashi ga lissafin da ya fi komai amfani. A 2005 an haɗa bincike 13 na ƙasashen Turai aka duba haɗarin kamuwa da kansar huhu kafin shekara 75. Wanda bai taɓa shan taba ba, in ɗakinsa ba radon, kusan mutum 4 cikin 1,000 ne. In radon ya kai awo 100, wato bekerel, ma'aunin yawan radon a iskar ɗaki, ya zama 5. In ya kai 400 ya zama 7. Mai shan sigari kuwa 100 cikin 1,000, sai 120, sai 160. Ka ga bambancin. Radon da sigari in suka haɗu a huhu ɗaya abin ba daɗi, don haka gidan da Baba ke busa sigarinsa a ɗaki, ko samarin da suka mai da cemba wurin shisha, su ya kamata a fara aunawa, kuma ko ba a auna ba su san cewa barin tabar ya fi duk wani gyaran gini da zan faɗa a ƙasa.

Me ya sa mu?

Don a nan Ghana, yankin Kumasi da kewaye akwai dutsen giranit sosai, duk wanda ya bi ta Buoho ya ga yadda ake fasa shi, kuma giranit yana cikin duwatsun da suka fi ɗaukar yuraniyom. Ga garuruwan haƙar zinariya, Obuasi, Konongo, inda aka huda ƙasa ta ko'ina. A Accra kuma ga tsagewar ƙasa ta wajen Weija da McCarthy Hill, yankin da girgizar ƙasa ke yawan taɓawa, wadda ta fi muni ita ce ta 1939, kuma tsagewa hanya ce ga iskar ƙasa. Wannan duk ba ya nufin ɗakinka na da radon da yawa. Yana nufin ba ka sani ba ne kawai. An ce ido ba mudu ba ya san kima, toh a nan ido bai san komai ba, hanci ma haka.

Kuma sakamakon maƙwabcinka ba naka ba ne. Gida biyu katanga ɗaya, ɗaya ya nuna 40 ɗaya ya nuna 400, don wannan daɓensa ya tsage wancan bai tsage ba, wannan yana kwana taga a buɗe wancan ya liƙe ko'ina. Labarin da ya farkar da Amurka ma haka yake. A 1984 wani injiniya mai suna Stanley Watras yana aiki a tashar nukiliya ta Limerick a jihar Pensilbaniya, na'urar da ke duba ma'aikata ta riƙa ƙara a kansa, aka bi diddigi aka tarar ba daga wurin aiki ya kwaso ba, daga gidansa ne, radon ɗin gidan ya kai kusan 100,000. Mutumin da iyalinsa suna zaune a ciki lafiya lau a ganinsu.

Abin da ya fi damuna da zangunanmu na ƙauye, irin su wajen Ejura, Offinso, Effiduase, Nkawie, shi ne yadda gini ya canza. Tsohon gidan haya mai tagar luba da bulo mai huda a saman bango, mai ƙofar da iska ke wucewa ta ƙarƙashinta, duk da muna raina shi yana numfashi. Yanzu ɗan'uwa ya turo kuɗi daga Jamus ko Italiya, a gina selfkonten, a sa tagar gilas mai zamewa, a yi silin na POP, a toshe hudar bulo don sauro, a sa esi, a rufe ruf, alhali daɓen da ke ƙarƙashin tayil ɗin siriri ne an zuba shi kan jar ƙasa ba roba. Ɗakin ya yi kyau a hoto amma duk abin da ya shigo ta ƙasa nan zai kwana tare da kai. Kuma ɗaki a rufe, in iskar ciki ta fi ta waje ɗumi, tana tashi sama ta fice ta rufi, sai ɗakin ya riƙa zuƙo iska daga ƙasa don cike gurbin. Shi ya sa radon ya fi yawa da dare zuwa asuba, daidai lokacin da kowa ke ciki an sa sakata.

Abin aunawa

Kala uku ne za ka ci karo da su. Na farko kuma wanda na fi so don aikin gari guda shi ne ɗan ƙaramin gwangwanin roba da zai shige tafin hannu, a cikinsa akwai ɗan yankin filastik da ake kira CR-39, ko fim mai suna LR-115. Ba batir, ba wuta, ba ya fitar da komai. Iska na shiga, duk tartsatsin da ya faɗa kan filastik ɗin sai ya bar tabo ƙarami da ido ba ya gani. Bayan wata uku a mayar da shi lab, su jiƙa shi a ruwan kostik soda mai ɗumi, irin wanda mata ke sabulu da shi, tabon ya buɗe, su ƙirga a maikroskop, su ba ka lamba. Dumso, wato ɗauke wuta, ba ruwansa da shi, wannan kaɗai ya isa dalili.

Na biyu gwangwanin gawayi na kwana 2 zuwa 7. A wurinmu ban ba da shawararsa ba, laima na ɓata shi, kuma dole ya isa lab da gaggawa don radon rabinsa na ɓacewa duk kwana 3.8, kafin ka haɗa saƙo daga ƙauye ya kai Accra lissafi ya fara lalacewa.

Na uku na'ura mai allo, irin Corentium Home na kamfanin Airthings da ke aiki da ƙananan batura uku, ko RadonEye da ake jonawa a wuta. Sun fi tsada amma ɗaya tak ta ishi unguwa, ana zagayawa da ita gida gida. In akwai ɗan gari a Turai ko Amurka da ke tambaya me zai aiko wa al'umma, ga abu nan. Manhajar waya da ke cewa tana auna radon da kyamara kuwa, ƙarya ce, kar ka ɓata datarka.

Wurin tambaya a Ghana shi ne Hukumar Makamashin Atom da ke Kwabenya a Accra, wadda kowa ke kira Atomic, tun 1963 take, kuma a cikinta akwai cibiyar kariya daga radiyeshon, masu bincikensu sun sha auna radon a gidaje da ƙasa da ruwa a sassa daban-daban na ƙasar nan. Mu na Kumasi kuma ga sashen fiziks na jami'ar KNUST a kusa. Ka rubuta takarda da sunan al'umma, ba da sunanka kai kaɗai ba, a sa hannun Sarkin Zango da asambuliman, a faɗi yawan ɗakunan da ake so a auna, a tambayi kuɗin gwangwani ɗaya haɗe da karantawa a lab. Ɗalibai masu neman digiri na biyu kullum suna neman garin da zai ba su haɗin kai don aikin bincikensu, in kun dace da irinsu kuɗin zai ragu sosai, sharaɗinku ɗaya ne, kowane mai ɗaki a ba shi sakamakonsa a rubuce, ba a zo a kwashi lamba a tafi ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

Kafin a rataya ko ɗaya, a yi magana da mutane

Nan ne aiki ke lalacewa in aka yi gaggawa. Ka shigo ɗakin Hajiya ka rataya wani ɗan baƙin abu a saman gadonta ka ce kar ta taɓa wata uku, me kake so ta ɗauka? Wani zai ce asiri ne, wani zai ce na'urar naɗar magana ce ta gwamnati, wani zai ce so ake a ƙara musu haraji ko a rushe gida. Don haka a fara da fada, a gaishe da Sarki a yi masa bayani, sannan a roƙi Malam Liman ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a, kuma a buɗe gwangwani ɗaya a gaban jama'a a zagaya da shi hannu hannu kowa ya ga ba komai a ciki sai ɗan filastik. Wannan ɗayan ya tashi daga aiki, ba laifi, kuɗinsa bai tafi a banza ba. Na farko a rataya a ɗakin Sarki da na Liman.

Mata kuma a same su daban, a makarantar Islamiyya ko wurin adashi, don su ne ke share ɗaki, su ne za su hana yara wasa da shi, kuma su da tsofaffi da jarirai ne suka fi daɗewa a cikin ɗaki. In uwargida ba ta yarda da abin ba, wallahi sati ɗaya za ka tarar da shi a cikin kwaba an rufe.

In kuɗi bai isa kowa ba, ga waɗanda za a fara da su: ɗakin da ke da daɓen ƙasa ko simintin da ya farfashe, ɗakin da taga ɗaya ce ko babu, ɗakin da aka haƙa cikin gangare har bango ɗaya yana jingine da ƙasa, sabon gini mai esi, gidan masu shan taba, sai ajin makarantar allo in a ɗaki ake yi da shagon tela ko mai kemis da ke wuni a ciki. Bene na sama ba shi ne abin damuwa ba, ƙasa ake fara dubawa.

Yadda ake ratayawa

Gwangwanin yana zuwa a liƙe cikin jaka mai ƙyalli da iska ba ta shiga. Kar a yage ta sai an shiga ɗakin da za a sa shi, don daga lokacin da ka buɗe ya fara ƙirga. Ka ajiye jakar, da ita za a mayar.

A cemba da hol a sa biyu, ɗaya a ɗakin kwana ɗaya a falo. A singil rum ɗaya ya isa. Tsayinsa daga ƙasa kamar mita ɗaya zuwa biyu, wato inda hancin mutum yake, kan kwaba ko kanta, ko ka ɗaure shi da zare ka sauko da shi daga katakon rufi ya tsaya a sarari inda hannun yaro ba ya kaiwa. Ya yi nesa da taga da ƙofa kamar mita ɗaya, kar rana ta riƙa dukansa, kar ya kasance daidai bakin fanka ko esi, kar a ɗora shi kan firij ko talabijin don zafi. Ba a sa shi a kicin ko banɗaki. Ba a sa shi cikin durowa, ba a rufe shi da labule ko kaya.

Masu ɗakin ƙasa ku kula da wannan: kar a manna shi da bango. Bangon laka na fitar da wata 'yar'uwar radon da ake kira toron, ita ba ta kai minti ɗaya rabinta ya ɓace, don haka ba ta nisa da bango, amma in gwangwanin na jingine da bangon za ta iya kumbura lambar. A bar aƙalla santimita 30 tsakani.

Sai rubutu. A samu littafi guda a hannun mutum ɗaya mai amana, malamin makaranta ko nas ta asibitin gari. Kowane gwangwani yana da lamba a jikinsa. A rubuta lambar, sunan mai ɗaki, wane ɗaki ne, ranar da aka rataya, irin daɓen, irin bangon, taga nawa, ana kwana da ita a buɗe ko a rufe, akwai mai shan taba ko babu. A ɗauki hoton shafin da waya a tura wa mutum biyu saboda littafi na ɓata. Gwangwanin da ba a san ranar da aka rataya shi ba ya zama shara, lab ba za ta iya fitar da komai daga shi ba.

Daga nan a manta da shi. Ku yi zamanku yadda kuka saba, kar wani ya ce bari in riƙa buɗe taga don lambata ta yi kyau, ba jarrabawa ba ce, kanka za ka cuta.

Wata uku, me ya sa ba sati ɗaya ba? Don radon hawa da sauka yake, dare da rana, ruwa da rani. In aka yi ruwa mai yawa ƙasar waje ta jiƙe ta toshe, iskar ƙasa sai ta nemi busasshen wuri, wato ƙarƙashin ɗakinka. Da hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, kowa na rufe taga saboda ƙura da sanyin asuba. Awon kwana biyu kamar ka je kasuwar Ejura rana ɗaya ne ka dawo kana cewa ka san farashin masara na shekara. In da hali a yi zagaye biyu, ɗaya da hunturu ɗaya da damina tsakanin Afrilu da Yuli, a haɗa a raba. Masu na'ura mai allo kuma kar ku firgita da lambar ranar farko, ku bar ta aƙalla sati a ɗaki, wata ɗaya ya fi, kuma matsakaicin dogon lokaci za ku rubuta, sannan a goge kafin a kai gida na gaba.

Ranar cirewa a zagaya rana ɗaya, kowanne a rubuta kwanan wata, a mayar da shi jakarsa a liƙe da salatif sosai, a haɗa a aika cikin 'yan kwanaki, kar a bar su a ɗakin wani har wata guda suna jiran mai zuwa Accra. Wata dabara mai kyau, a bar gwangwani ɗaya ko biyu ba a buɗe ba tun farko, su yi tafiyar tare da sauran, lab za ta gane ko wani abu ya shiga a hanya.

Karanta lambar

Za a ba ku lamba da Bq/m³ a gabanta, bekerel a kowace mita kubik ta iska. Iskar fili yawanci 5 zuwa 15 ce. Matsakaicin ɗakuna a duniya wajen 40. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2009 ta ba da shawarar ƙasashe su sa iyaka a 100, in ba zai yiwu ba kar ta wuce 300. Ingila na aiki da 200, Amurka da 148, wanda su suke rubutawa 4 pCi/L. In na'urarka daga Amurka ta zo ka ninka lambarta sau 37 ka samu bekerel.

Ni ga yadda zan yi da ita. Ƙasa da 100, alhamdulillahi, ka ci gaba da barin iska na shiga. Tsakanin 100 da 300, gyaran da ba ya cin kuɗi sosai, a cikin 'yan watanni. Sama da 300, a sake aunawa don tabbatarwa kuma a fara gyara ba jira, in akwai wani ɗaki a gidan a mayar da yara can tukuna. Ba wanda zai gudu daga gidansa cikin dare saboda wannan, haɗarin na taruwa ne a shekaru, kusan kashi 16 cikin 100 yake ƙaruwa a kan kowane 100 da mutum ya daɗe yana shaƙa.

Kuma don Allah kar a karanta sakamako da sunaye a masallaci. A faɗi jimilla, ɗaki kaza aka auna, kaza sun wuce iyaka. Kowa a kai masa nasa a hannu. Ƙauye ne, gobe za ka ji ana cewa gidan su wane akwai iskar kansa, 'yan haya su watse, har maganar aure ta iya lalacewa a kan abin da buhun siminti biyu zai gyara.

Ba gwajin jini ko hoton ƙirji da zai nuna maka yawan radon da ka shaƙa, kuma ba maganin sha, na asibiti ko na gargajiya, da ke wanke shi, duk wanda ya zo da wannan kuɗinka yake so. Tarin da ya wuce sati biyu, ko tari da jini, ko rama ba dalili, wannan asibiti za a je, a fara da gwajin tibi wanda kyauta ne a asibitocin gwamnati, in abin ya wuce nan su tura ka babban asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi.

Gyara

Iska tukuna. Taga biyu masu kallon juna sun fi taga ɗaya babba. A buɗe hudar bulon da aka toshe a sa mata raga. Na san amsar da za a ba ni, sauro da ɓarayi, kuma gaskiya ne maleriya ta fi radon saurin kisa, shi ya sa maganar ita ce raga mai kyau da bogila a taga, sannan a bar luba a buɗe da dare, a kwana cikin gidan sauro. Mai esi ya riƙa buɗe ɗakin safe da yamma. Fankar silin juya iskar ciki kawai take, ba ta fitar da ita. Fankar bango mai zuƙe iska waje kuma in ɗakin a rufe yake tana iya ƙara janyo ta ƙasa, gara wadda ke turo iskar waje ciki.

Sai toshewa. Ka janye gado da kwaba ka duƙa da tocila ka bi inda daɓe ya haɗu da bango, a nan za ka ga siririyar tsaga da ta zagaye ɗakin, sau da yawa tururuwa na fitowa ta wurin da 'yar ƙasa a bakin ramin. Inda tururuwa ta samu hanya iska ma ta samu. Ka duba inda bututun ruwa ko na waya ya huda daɓe. A kankare, a share ƙurar, a cike da siminti mai ƙarfi ko silikon. Leda ko kafet da aka shimfiɗa a kan tsaga ɓoye ta kawai ya yi. Ɗakin daɓen ƙasa kuma a shimfiɗa baƙar roba mai kauri, gefe ya hau kan gefe a liƙe, a zuba kankare a kai. Toshewa kaɗai ba ta cika wadatarwa ba, tare da iska take aiki.

In lambar ta ƙi sauka, sai a ba iskar ƙasa wata hanya. Birkila ya huda daɓe a kusurwa, ko ya shiga ta gefen fandesho daga waje, ya kwashe ƙasa kamar bokiti guda ya bar rami, a zuba tsakuwa, a dasa bututun PVC mai inci 4, a liƙe bakin da kyau, a hau da shi har ya wuce rufin kwano, nesa da taga. Ko ba fanka irin wannan na iya rage fiye da rabi, in aka sa ƙaramar fanka a bututun tana jan iska dare da rana ya fi haka nesa, kuma ƙaramin sola zai iya riƙe ta. Fankar a waje ake sa ta, ba a cikin ɗaki ba.

Ɗan haya da ya biya adbans na shekara biyu ba zai fasa daɓen mutane ba izini ba. Ka je wa mai gida da takardar a hannu, cikin ladabi, "Alhaji, ga abin da aka auna, ga abin da masana suka ce, in kun yarda in kawo birkila a cire a kuɗin haya." In ya ga Sarki ma an auna nasa ɗakin zai fi sauƙin yarda. Buɗe taga da toshe tsaga kuwa ba sai ka jira kowa ba.

Ruwan bohol da aka haƙa cikin dutse shi ma yana iya ɗauko radon, ruwan rafi da na sama ba su da wannan. Haɗarin shansa kaɗan ne, abin lura shi ne iskar da ke fita daga ruwan in ana wanka ko wanki a rufaffen wuri. In ruwan na hawa tanki a waje yana zubowa daga sama, tankin kuma na da hudar numfashi mai raga, yawancinsa na ficewa kafin ya iso famfo. Garin da ɗakuna suka nuna lamba babba su roƙi a auna ruwan bohol ɗin gari a tafiya ɗaya.

Wanda bai zuba daɓe ba tukuna shi ya fi kowa sa'a. Ka ce wa birkila ya zuba tsakuwa kamar inci 4 a ƙasa, ya shimfiɗa roba mai kauri ba huda, ya liƙe inda bututu ya ratsa ta, sannan kankare, kuma ya dasa bututun nan tun yanzu ya hau ta cikin bango zuwa saman rufi. Zai ce maka ba a saba ba, kuma wasu in ba ka tsaya a wurin ba robar ma ba za su sa ba, don haka ranar zuba daɓe ka kasance a wurin ko ka tura wanda ka yarda da shi. Robar na hana laima hawa bango, ko don wannan ta biya kuɗinta.

Bayan kowane gyara a sake rataya gwangwani a daidai wurin da aka sa na farko, wata uku, in so samu ne a irin lokacin shekarar da aka yi awon farko, a rubuta sabuwar lambar kusa da tsohuwar a littafin nan. Haka kuma in aka canza taga, aka sa esi, aka ƙara ɗaki, ko daɓe ya sake tsagewa.